Kuɗin gunduma a Kenya: wa ke yanke inda za su tafi, wa kuma ke bin sawunsu?

Abu_Hanif:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman wanda ya san yadda gwamnatocin gunduma na Kenya suke tafiyar da kasafin kuɗinsu ya yi min bayani, don abin ya ɗaure min kai. Aiki ne ya kawo ni ƙasar, kuma a unguwar da nake zaune akwai wani ƙaramin asibiti na gunduma, irin sha-ka-tafi ɗin nan, an gina masa sabon ɗakin haihuwa an shafa fenti an kafa allo da shekarar kasafin da aka yi aikin, amma har yau a kulle yake babu gado babu ungozoma, shi kansa tsohon ɓangaren in ka je sai a rubuta maka takarda a ce je ka kemis ka saya. Matar maƙwabcina da naƙuda ta kama ta cikin dare sai a kan babur aka kai ta babban asibiti, Allah dai ya kiyaye ta sauka lafiya.

In ka tambayi ma'aikatan su ce gunduma ba ta saki kuɗi ba, gwamna ya shiga rediyo ya ce baitul malin ƙasa ne ya riƙe musu, su kuma na Nairobi su ce ai sun tura. To ni tambayata, wa yake yanke shawarar a gina ɗaki alhali ba a tanadi mai aiki a ciki ba? Gwamna ne shi kaɗai ko 'yan majalisar gunduma? Kuma wa doka ta ɗora wa alhakin ya duba ko an kashe kuɗin yadda aka rubuta? Mutanen unguwa suna so su yi magana amma ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba, ni ma ina so in taimaka da abin da zan iya. Na gode.

Malam_Akanta:

Wa alaikumus salam Abu Hanif. Toh bari in fara daga tushe don in ba ka san hanyar da kuɗin ke bi ba kowa zai iya gaya maka abin da ya ga dama kuma ka yarda.

Tsarin mulkin 2010 ne ya kawo gundumomi 47, suka fara aiki bayan zaɓen Maris 2013, kowacce da gwamnanta da majalisarta, 'yan majalisar kuma daga mazaɓu ake zaɓo su. Abin da aka miƙa musu ya haɗa da asibitoci tun daga sha-ka-tafi har babban asibitin gunduma, noma da kiwo, hanyoyin cikin gunduma, kasuwanni, ruwan sha da tsaftar gari, kwana-kwana, makarantun rainon yara. 'Yan sanda da firamare da sakandare da manyan tituna na gwamnatin tarayya ne. Saboda haka asibitin unguwarku kacokan a wuyan gunduma yake, babu wani zille-zille.

Kuɗin kuma mafi yawansa daga asusun ƙasa yake zuwa. Tsarin mulki ya ce kason gundumomi kada ya gaza kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa, ana lissafi da asusun da aka bincika na baya-bayan nan da majalisa ta amince da shi. A shekarar farko shilin biliyan 190 aka raba musu, a 2021/22 biliyan 370, a 2023/24 kuma biliyan 385 da ɗoriya. Sai ɗan abin da gunduma ke tarawa da kanta, harajin filaye da gidaje, lasin ɗin kasuwanci, kuɗin ajiye mota, kuɗin tebur a kasuwa, kuɗin asibiti. Irin su Nairobi da Mombasa da Narok mai gandun Maasai Mara ne ke tara mai ɗan yawa, amma yawancin gundumomi abin da suke tarawa ba zai biya ko albashin ma'aikatansu ba.

Shekarar kuɗi tana farawa 1 ga Yuli ta ƙare 30 ga Yuni, kuma dokar kula da kuɗin gwamnati ta 2012 ta tsara ranaku. Zuwa 1 ga Satumba a gabatar da tsarin ayyukan raya ƙasa na shekara mai zuwa, wanda ake ciro shi daga babban tsarin shekara biyar. Zuwa 30 ga Satumba takardar bitar yadda kasafin bara ya gudana. Zuwa 28 ga Fabrairu takardar da ke yanke wa kowace ma'aikata iyakar abin da za ta samu. Zuwa 30 ga Afrilu cikakken kasafi ya isa majalisa, majalisa ta amince kafin 30 ga Yuni. Ni a wurina ta Fabrairun nan ita ce uwa uba, kuma ita ce mutane ba sa zuwa, sai a watan Mayu kowa ya cika ɗakin taro yana neman a saka masa rijiyar burtsatse alhali an riga an yanka kason lafiya da na ruwa tun wata uku baya, abin da ya rage sai dai a ɗauke daga wannan ƙauye a kai wancan.

Yanzu ga amsar tambayarka ta ɗakin haihuwa. Kasafi kashi biyu ne, na manyan ayyuka da na yau da kullum. Gini yana cikin na farko, albashin ungozoma da magani da wuta da ruwa suna cikin na biyu. Doka ta ce aƙalla kashi 30 cikin 100 ya tafi manyan ayyuka, albashi kuma kada ya wuce kashi 35 na kuɗin shigar gunduma. To gundumomi da yawa sun daɗe da tsallake 35 ɗin nan tun da suka gaji ma'aikatan tsoffin ƙananan hukumomi da na ma'aikatar lafiya, kowane sabon gwamna kuma ya zo ya ɗebi nasa mutanen ya ƙara a kai. Kaga kenan ɗan majalisar mazaɓarku yana da hanyar da zai matsa a saka masa gini, don gini ana ganinsa ana ɗaukar hoto a gabansa kuma yana taimaka wa gunduma ta cika kashi 30, amma ɗaukar ungozoma yana hannun hukumar ɗaukar ma'aikata ta gunduma, ita kuma za ta ce babu gurbi a albashi. Mutum biyu ne daban suka yanke shawara biyu daban, babu wanda ya zauna ya haɗa su.

Maganar wa ya riƙe kuɗi kuma, sau da yawa duka ɓangarorin biyu suna da gaskiya rabi-rabi. Doka ta ce baitul mali ya tura kason kowane wata kafin 15 ga wata, amma an sha yin jinkirin wata biyu wata uku, gwamnoni su yi ta barazanar rufe gundumomi. A 2024 ma bayan zanga-zangar da ta sa aka janye ƙudurin haraji, kason da aka fara amincewa na biliyan 400 sai da aka rage shi ya dawo wajen 387. Wannan gaskiya ne. Amma in kuɗin ya zo, ba ya shiga aljihun gwamna kai tsaye, yana shiga asusun gunduma a babban bankin ƙasa, kuma ba a cire ko sisi sai Kwanturolar Kasafin Kuɗi ta sa hannu, Margaret Nyakang'o ce ke riƙe da ofishin tun ƙarshen 2019. Ofishinta na fitar da rahoto duk wata uku, gunduma bayan gunduma, nawa aka tura, nawa aka cire, nawa ya tafi albashi, nawa tafiye-tafiye, nawa alawus ɗin zaman 'yan majalisa, nawa manyan ayyuka. Kyauta yake a intanet. Ka sauke na gundumarku ka duba, in ka ga an tura musu kaso mai yawa amma a layin magani an kashe ɗan kaɗan a layin tafiye-tafiye kuma an kusa cinyewa, to ka san ba Nairobi ce matsalar ba.

Maman_Sultana:

Malam Akanta Allah ya ƙara basira, ka ɗauke mana nauyi. Ni zan ƙara ne ta ɓangaren asibiti don na yi aiki da wata ƙungiya da ke bibiyar ƙananan asibitoci a can, kuma wlh abin da Abu Hanif ya faɗa ba sabon abu ba ne a idona.

Maganin asibitocin gunduma yawanci daga KEMSA, hukumar gwamnati mai samar da magunguna, ake saye. Asibiti ya rubuta abin da yake buƙata, a tattara a ofishin lafiya na gunduma, gunduma ta yi oda ta biya. In gunduma ta tara bashi ba ta biya ba sai a tsayar da kai mata kaya, shi ke nan shelf ya bushe, nas tana zaune da ilminta da niyyarta amma ba ta da ko safar hannu. Na taɓa shiga sitor ɗin wani sha-ka-tafi, ma'aikaciyar ta ɗauko min katin kaya, irin katin da ake rataye wa kowane magani ana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a layin maganin kashe ƙwayoyin cuta na yara ta rubuta sifili da jan biro, ƙarƙashinsa kwanan wata bayan kwanan wata duk sifili har katin ya cika ta liƙa wani da sitefula. A aljihun teburinta kuma ga kwafin odar da ta aika, da hatimin ofishin da ya karɓa. Wannan katin da wannan kwafin sun fi duk wani ihu da za a yi a rediyo ƙarfi, don ba wanda zai ce ƙarya ne.

Saboda haka ɗan uwa kafin ku je ko'ina ku fara da kwamitin asibitin. Kowane ƙaramin asibiti yana da kwamitin gudanarwa da mutanen unguwa ke ciki, shugaban asibitin ne sakatare. Da yawa mutane ba su ma san su waye a ciki ba. Ku neme su, ku tambaya yaushe suka yi zama na ƙarshe, me suka rubuta wa gunduma game da ɗakin haihuwar. Kuma ku sani tun Oktoban 2023 akwai dokar da ta ba asibitocin gwamnati damar riƙe kuɗin da suka tara su yi wa kansu aiki da shi, da can sai an kwashe an kai asusun gunduma sannan a yi ta roƙo a dawo da shi. Ku tambaya ko asibitinku yana da asusunsa, nawa ya shigo daga inshorar lafiya, me aka saya. Wani lokaci gado biyu da fitila da tankin ruwa ba sai an jira kasafin baɗi ba.

Abu ɗaya da nake so in roƙe ku, kada ku huce a kan nas. Na ga yadda mutane ke zagin ma'aikata a bakin taga, mace tana aiki ita kaɗai safe da yamma albashinta ya makara, an cire mata kuɗin bashin banki da na fansho daga albashi amma gunduma ba ta miƙa wa bankin ba har banki na kiranta. Yajin aikin likitoci na kwana 100 daga Disambar 2016 zuwa Maris 2017 da na nas-nas da ya biyo baya ya ɗauki wajen wata biyar, talaka ne ya sha wahalarsu, amma ba daga taga matsalar ta taso ba. Ku ja ta a jiki, ita ce za ta nuna muku inda takardu suke.

Dan_Gwagwarmaya:

Malam Akanta da Hajiya kuyi hakuri amma ni duk wannan lissafin ranaku da takardu bai gamsar dani ba, sata ce kawai ake yi a kira ta da sunanta. A Bungoma a 2015 baro aka saya, baron tura kaya, sama da shilin 100,000 kowane daya. Tsohon gwamnan Kiambu Ferdinand Waititu majalisar dattawa ta tsige shi a Janairun 2020, kotu ta same shi da laifi a 2025 akan kwangilar hanya ta miliyan 588. Na Samburu Moses Lenolkulal shima kotu ta kama shi da laifi a 2024 saboda gidan mansa ne yake sayarwa gundumar da yake mulki mai. Kuma duba shekara nawa aka dauka kafin a yanke hukunci, yaran da aka haifa a lokacin har sun shiga makaranta. Su yan majalisar da akace sune masu sa ido, su da gwamna kwano daya suke ci, a basu tafiya kasar waje da alawus shikenan rahoton odita ya kwanta a durowa. Ni inaga kawai a maida asibitoci hannun gwamnatin tarayya a huta, wannan tsarin ya raba barna ne gida 47. Raina yana baci ne saboda mace mai nakuda akan babur cikin dare ba abin da za'a zauna ana mata lissafin kashi 30 da kashi 35 bane.

Malam_Akanta:

Ɗan Gwagwarmaya ɓacin ranka a kan hanya yake, kuma duk misalan da ka kawo haka suke. Amma ka lura da abu ɗaya, ta yaya aka san farashin baron? Ta yaya aka gano na wa ne gidan man? Takarda ce ta tona su, wani ne ya zauna ya bi baucan biya da rajistar kamfani. In muka ce duk sata ce muka juya baya, ɓarawon ne ya fi kowa murna.

Kuma akwai ɓarnar da ba sata ba ce amma ta fi sata cin asibitin Abu Hanif, guda biyu zan faɗa. Ta farko kumbura hasashen kuɗin shiga. Gunduma ta san abin da ta saba tarawa a shekara, amma don a samu wurin cusa ayyukan kowane ɗan majalisa sai a rubuta za a tara ninkinsa, kasafi ya daidaita a takarda, a ba da kwangiloli, ƙarshen shekara kuɗin bai shigo ba. Ɗan kwangila ya yi gini ba a biya shi ba sai ya riƙe makulli, ko mai kawo gadaje ya ce ba zai sauke ba sai ya ga na baya. Ba mamaki ma abin da ya faru da ɗakinku kenan, ku bincika ko an miƙa ginin a hukumance. Bashin da gundumomi suka tara na 'yan kwangila da masu kawo kaya ya haura biliyan 150 a rahotannin Kwanturola, kaso mafi girma na Nairobi ne, kuma sabon gwamna in ya hau yakan ce sai ya tantance bashin wanda ya gada, ƙaramin ɗan kasuwa da ya ci bashin banki ya yi aiki ya durƙushe yana jira.

Ta biyu ƙwarya-ƙwaryan kasafi. A tsakiyar shekara gwamnati ta kai wa majalisa gyara, a nan ne ake ɗauke kuɗin kayan ɗakin haihuwa a mai da shi wani wuri, kuma shi ba ya samun taron jama'a da hayaniya irin na watan Mayu. Mutane sun je taro sun ga aikinsu a littafi sun tafi gida da murna, ba su san an goge shi a watan Nuwamba ko Maris ba. Duk wanda yake so ya bi aiki ɗaya to ya riƙe kasafin farko a hannu ɗaya gyararren a ɗaya hannun ya kwatanta layi da layi.

Masu sa ido kuma hawa-hawa ne. Majalisar gunduma ce ta farko, tana da kwamitin kasafi da na lafiya da na binciken asusu. Sai Odita Janar mai binciken asusun gwamnati, Nancy Gathungu tun 2020, tsarin mulki ya ba ofishin wata shida bayan ƙarewar shekara ya fitar da rahoto, majalisa kuma wata uku ta tattauna ta ɗau mataki. Sai majalisar dattawa, wadda kotun ƙoli ta tabbatar a 2022 cewa tana da ikon kiran gwamna ya zo ya yi bayani. Sai hukumar EACC mai yaƙi da cin hanci. Raunin odita shi ne yana zuwa bayan an gama, Kwanturola ce ke gani tun ana cikin yi, shi ya sa nake ta nanata rahotonta.

Batun 'yan majalisa kuma ba kullum suke kwano ɗaya da gwamna ba, wani lokaci rigimar ce ma ke kashe aiki. A gundumar Meru majalisa ta tsige gwamna Kawira Mwangaza har sau uku, dattawa suka cece ta sau biyu, na ukun a Agustan 2024 suka tabbatar. Ko wa ke da gaskiya a ciki, gundumar da gwamna da majalisa suka shafe shekara biyu suna wannan ba za ta samu natsuwar duba sitor ɗin magani ba.

Dattijo_Mai_Rediyo:

Yarana sannunku, na karanta duka. Ɗan Gwagwarmaya, ɗana, a kan mai da asibitoci hannun tarayya ban bi ka ba. Ka tambayi mutanen arewacin Kenya, Wajir da Mandera da Turkana da Marsabit, yadda suke kafin 2013, shekara hamsin bayan samun 'yanci komai sai an je Nairobi an roƙa. Garin Wajir sai bayan zuwan gunduma ya ga kwalta a cikinsa. Wanda ya sha wannan ba zai yarda a mayar da shi baya ba ko da gwamnansa yana da laifi, gara ya ga mai laifin a kasuwar garinsu ya tare shi. Kuma an gwada abin da kake faɗa, a Fabrairun 2020 gwamnan Nairobi na lokacin Mike Sonko ya sa hannu ya miƙa lafiya da sufuri da ayyuka da tsara birni na Nairobi ga gwamnatin tarayya, aka naɗa janar na soja ya riƙe, an gina asibitoci a unguwannin talakawa ba a musu, amma da wa'adin ya ƙare sai aka bar wa gunduma tulin bashi da rigimar wa zai biya. Sannan na'urorin asibiti da tarayya ta yi hayarsu a 2015 ta rarraba wa gundumomi tana cire kuɗin daga kasonsu, wasu sun daɗe a cikin kwali saboda babu wutar da za ta ɗauke su babu ma'aikacin da ya iya su. Wato ita ma tarayya ta iya gina ɗaki ba ungozoma.

Ku dubi gundumar Makueni zamanin gwamna Kivutha Kibwana, 2013 zuwa 2022. Shi ma ya sha rigima da majalisarsa har aka nemi a rushe gwamnatin gundumar. Amma ya kafa tsarin da ake fara tattauna kasafi daga ƙauye a hau zuwa mazaɓa a hau zuwa gunduma, kowane aiki kuma a zaɓi kwamitin mutanen wurin su sa ido, ɗan kwangila ba ya karɓar kuɗi sai sun shaida an yi. Suka kawo tsarin lafiya da gida ke biyan shilin 500 a shekara, suka buɗe shafin da ake ganin kwangiloli. A binciken 2017/18 su da Nyandarua ne odita ya ba shaidar asusu mai tsabta. Doka ɗaya ce da ta sauran 46.

Kuma jin ra'ayin jama'a ba alfarma ba ce. A 2014 babbar kotu ta soke dokar harajin Kiambu ta 2013 ɗungurungum saboda ba a ji ra'ayin mutane yadda ya kamata ba, alƙalin ya nuna cewa tara mutane ƙalilan a babban otal na yini ɗaya da talla ɗaya a jarida ba shi ne shigar da jama'a ba. 'Yan kasuwa da talakawa ne suka kai ƙarar.

Abu_Hanif:

Jazakumullahu khairan, Baba na gode, Malam Akanta da Hajiya Maman Sultana Allah ya saka. Na sauke rahoton Kwanturola na ga shafukan gundumarmu, na kuma yi magana da maƙwabcina ya ce ya san mutum ɗaya a kwamitin asibitin, wai ma suna sallah tare. Abin da ya rage min, ni baƙo ne ba ɗan ƙasa ba, shin ina da damar rubuta takardar neman bayani da sunana? Kuma wa za mu rubuta wa, gwamna ko majalisa? Bana so in jawo wa kaina ko mutanen unguwa matsala wajen aiki.

Maman_Sultana:

Ɗan uwa kada ka sa sunanka. Sashe na 35 na tsarin mulki da dokar samun bayanai ta 2016 'yan ƙasa suka ba wannan haƙƙin, saboda haka maƙwabcinka da mutanen unguwa su sa hannu, in da ƙungiyar mata ko ta matasa mai rajista ma ya fi, kai ka taimaka da karanta rahoto da tsara takardar, wannan ba laifi ba ne.

Takarda biyu za ku yi. Ta farko zuwa ga babban jami'in ma'aikatar lafiya ta gunduma, shi ne mai sa hannu a kuɗin ma'aikatar, ba gwamna ba. Kada ku cika ta da ƙorafi, tambayoyi gajeru masu amsa: nawa aka ware wa ɗakin haihuwar a wace shekara, wane kamfani aka ba, nawa aka biya nawa ya rage, an karɓi ginin ko ba a karɓa ba, akwai kuɗin kayan aiki da ma'aikata a kasafin bana ko an cire a gyara. Ku kai da hannu, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku da kwanan wata. Doka ta ba su kwana 21, in suka yi shiru sai ku kai ƙara hukumar sauraron koke-koken jama'a, ita doka ta ɗora wa bin wannan, kuma ba a biyan kuɗi.

Ta biyu koke ne zuwa majalisar gunduma ta hannun magatakarda, a nemi kwamitin lafiya ya zo ya ga ɗakin da idonsa. Ku ba ɗan majalisar mazaɓarku kwafi amma kada ku dogara da shi kaɗai, don in shi ya kawo ginin zai fi so a yi maganar fenti a kan maganar makulli. Ku haɗa da hoton allon aikin da hoton ƙofar a kulle, in kwamitin asibiti ya yarda da kwafin wasiƙun da suka aika a baya.

Sannan ku sa ido a sanarwar taron watan Fabrairu, yawanci a jarida da shafin gunduma ake sakawa kwanaki kaɗan kafin ranar, wani ya riƙa dubawa. In kun je kada ku nemi sabon gini ko da an yi muku tayi, ku nemi ungozoma biyu da gadaje da ruwa, a rubuta a kason ayyukan yau da kullum na lafiya, kuma ku ce a karanta muku abin da aka rubuta a takardar taro kafin ku sa hannu a rajistar halarta. Malam Akanta in Abu Hanif ya turo maka shafukan da ya sauke dan Allah ka duba masa layin magani da na bashin 'yan kwangila, ni lissafin nan ba fannina ba ne sosai.

Malam_Akanta:

Ba damuwa Hajiya, ya turo. Abu Hanif ka haɗa min da rahoton cikakkiyar shekarar da aka rubuta a allon, ba na wata uku kaɗai ba, da gyararren kasafin shekarar in ka same shi a shafin baitul malin gunduma ko na majalisa. In babu shi a can to ku ƙara shi a cikin abubuwan da za ku nema a takardar farko.